Darasin Motsa Jiki a Makarantun Firamare: Karatu Ne ko Hutu?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa koyarwar gwaji a makarantun firamare na ƙasar Hausa, da wuya a ce bai ga yadda ake yi wa darasin motsa jiki riƙon sakainar kashi ba. Sunan darasin yana nan rubuce cikin jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta, amma da zarar lokacinsa ya yi sai a ga ɗayan abu uku. Ko dai a tura yara sharar fili da tsintar leda, ko malamin Lissafi ya ari lokacin domin ya ƙarasa aikin da ya rage masa, ko kuwa a jefa wa yara maza ƙwallo ɗaya su yi ta turmutsutsu a kanta, 'yan mata su koma gindin darbejiya su zauna, shi kuwa malami yana can inuwa yana jiran a kaɗa ƙararrawa. A wurin mutane da dama wannan ba abin damuwa ba ne, domin a ganinsu wasa ba ya buƙatar malami, kuma ba a taɓa jin yaron da ya faɗi jarrabawa saboda bai iya tsalle ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan tunani kuskure ne mai tsada. Iya sarrafa gaɓoɓin jiki, kamar gudu da tsalle da jifa da cafewa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, ilimi ne da ake koya kamar yadda ake koyon baƙi da wasali, kuma yana da lokacin da ya fi kamuwa. Yaron da ya bar firamare bai samu wannan ilimi ba yakan girma yana gudun duk wani abu da zai sa ya motsa jikinsa, sakamakon haka kuwa ba ya bayyana sai bayan shekaru talatin ko arba'in, a ɗakin likita. Saboda haka malamin da ya mayar da wannan darasi lokacin hutu ya tauye wa ɗalibansa wani haƙƙi, ko da kuwa bai yi nufin haka ba.

Sarrafa Gaɓoɓi Koyonsa Ake Yi

Akwai bambanci tsakanin girma da koyo. Jariri mai lafiya zai zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe ya yi tafiya idan lokaci ya yi, ba tare da an buɗe masa makaranta ba. To amma cafe ƙwallon da aka jefo daga nesa, ko jifa da hannu ɗaya tare da taka kishiyar ƙafa, ko dira daga tsalle ba tare da gurɗewa ba, waɗannan ba sa zuwa don kawai shekaru sun ƙaru. Sai an gwada, an kuskure, an samu mai gyarawa, sannan an sake gwadawa. Bahaushe ya daɗe da sanin haka a sana'o'insa. Yarinyar da ke lugude da yayyenta, tana jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da ta ɓata kiɗan turmi ba, ba da wannan gwaninta aka haife ta ba. Ta sha buga taɓaryarta da ta wasu, an sha yi mata dariya, kafin hannunta ya faɗa. Haka ɗan maƙeri, haka ɗan dukawa, haka mai ɗaukar tulu a ka ba riƙo. Da koyo akan iya.

A shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Nikolai Bernstein ya yi nazarin maƙera a birnin Mosko. Ya riƙa ɗaura musu 'yan ƙananan fitilu a gaɓoɓin hannu da kan guduma, yana ɗaukar hotonsu suna dukan ƙarfe, domin ya ga hanyar da kowace gaɓa take bi. Abin da ya gano shi ne, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannun gwanin maƙeri ba sa bin hanya ɗaya sak a kowane bugu, amma duk da haka guduma tana sauka inda ake so. Ma'anar wannan ita ce, gwaninta ba haddace motsi ɗaya ba ce. Gwani shi ne wanda jikinsa ya koyi warware matsala ɗaya ta hanyoyi da yawa, gwargwadon yadda hali ya zo. Wannan yana da darasi babba ga malami, wato jera yara a layi suna maimaita motsi ɗaya kamar 'yan fareti bai wadatar ba. Wajibi ne a riƙa sauya musu nisan jifa da girman ƙwallo da saurinta, domin jiki ya saba da neman mafita.

A shekarar 1967 kuma wasu masana halayyar ɗan'adam biyu 'yan Amurka, Paul Fitts da Michael Posner, suka bayyana cewa mai koyon kowace irin gwaninta ta jiki yakan bi matakai uku. A mataki na farko tunani ne ke jan ragama: mai koyo yana tambayar kansa ina zai sa ƙafa, yaya zai riƙe kan keke, kuma kurakuransa manya ne masu yawa. A mataki na biyu ya gane abin da ake so, saura gyara da daidaitawa, kurakurai suna raguwa, har yakan fara gane kuskurensa da kansa. A mataki na uku aikin ya zama jiki, yana iya tuƙa keke yana hira da abokinsa. Kowane mataki da irin taimakon da yake buƙata. Na farko yana son a nuna masa a aikace da gajeren bayani, na biyu yana son yawan gwaji da gyara jefi-jefi, na uku yana son a ƙara masa wahalar aikin. Malamin da ke zaune a inuwa ba zai san matakin da kowane yaro yake ba, balle ya ba shi abin da ya dace da shi.

Abin da ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa karatu aikin kai ne, wasa kuwa aikin jiki. Binciken masana ya rushe wannan rabo. A shekarar 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya mai tsanani. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina iya riƙe sababbin abubuwan da suka faru da shi. Wanda ya gaisa da shi da safe, da rana ya zama baƙo. Wata masaniya daga ƙasar Kanada, Brenda Milner, ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir alhali yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai, aikin da ke rikita kowa a karon farko. Cikin kwana uku hannunsa ya yi ta ƙwarewa, kurakuransa suka ragu ƙwarai, amma kullum aka kawo masa aikin sai ya ce bai taɓa ganinsa ba. Wannan sakamako, wanda ta bayyana a 1962, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiya ta musamman domin gwanintar gaɓoɓi, dabam da wadda take ajiye labarai da sunaye. Shi ya sa wanda ya iya keke ko iyo tun yana yaro ba ya mantawa ko da ya shekara ashirin bai yi ba. Shi ya sa kuma ba a koyon langa ta hanyar kwafar bayaninta daga allo.

Haka nan a shekarar 2004 wasu masu bincike a birnin Regensburg na ƙasar Jamus suka koya wa wasu matasa wasan jefa ƙwallaye uku sama ana cafewa bi da bi. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kafin su fara, suka sake ɗauka bayan wata uku, sai suka ga sassan da ke lura da motsin abubuwa sun ƙara kauri. Da matasan suka bar wasan na wasu watanni uku, ƙarin ya ragu. Ke nan koyon motsi yana sauya ginin ƙwaƙwalwa kanta, kuma abin da aka bari yakan koma baya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2002 ya ƙara da cewa waɗanda suka koyi wani tsarin danna maɓallai da yatsu sun ƙara sauri da kimanin kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare ɗaya, ba tare da ƙarin gwaji ba. Abin da malami zai ɗauka a nan shi ne, gajeren darasi sau biyu ko uku a mako ya fi dogon darasi sau ɗaya a wata, kuma ya fi atisayen mako biyu da akan yi a guje gab da gasar wasannin gidaje ta shekara.

Alaƙar Gwaninta da Lafiya

Kafin a kai ga yadda gwaninta take shafar lafiya, ya kamata a fara da abin da motsa jiki yake yi wa jiki. Na farko da ya tabbatar da wannan da alƙaluma shi ne wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris. A shekarar 1953 ya wallafa sakamakon nazarin ma'aikatan sufuri kimanin 31,000 na birnin Landan, inda ya kwatanta direbobin motocin safa masu bene, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Daga wancan lokaci zuwa yau bincike ya yi ta ƙarfafa wannan magana.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Zuciya tsoka ce, idan ana sa ta aiki takan ƙara ƙarfi ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar yawan bugawa idan mutum yana hutawa. Hanyoyin jini sukan ƙara laushi, abin da ke taimakawa wajen saukar da hawan jini. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga cikin jini domin ta samu makamashi, wannan kuwa kariya ce daga nau'in ciwon sukari da ya fi kama manya. Ƙashi kuma yana ƙara tauri ne idan ana ɗora masa nauyi ta hanyar gudu da tsalle, kuma mafi yawan wannan gini ana yin sa ne a ƙuruciya da samartaka. Abin da aka tara a lokacin shi ake ci a tsufa. Daɗin daɗawa, motsa jiki yana kyautata barci, yana rage damuwa, sannan tsohon da ya riƙe ƙarfin ƙafafunsa da daidaiton tsayuwarsa bai cika faɗuwa ya karye ba.

Bisa irin waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a kowace rana, a matsakaicin lissafi, na motsa jikin da ke sa numfashi da bugun zuciya su ƙaru, tare da wasannin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Manya kuwa minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi. Sai dai wani nazari da masanan hukumar suka wallafa a 2019, wanda ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna cewa a 2016 kashi 81 cikin 100 ba sa cika wannan ma'auni: kashi 78 na maza, kashi 85 na mata. A ɓangaren manya, hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100, wato mutum kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata.

A nan ne maganar koyo take haɗuwa da maganar lafiya. Mutum ba ya dawwama a kan abin da bai iya ba. Yaron da duk lokacin da aka jefo masa ƙwallo sai ta suɓuce, wanda kullum shi ne na ƙarshe da ake zaɓa idan ana raba 'yan wasa, ba da daɗewa ba zai yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ɗan wasa ba ne. Zai koma gefe, rashin shiga ya hana shi ƙwarewa, rashin ƙwarewa ya ƙara hana shi shiga. A shekarar 2008 wani masani mai suna David Stodden da abokan aikinsa suka bayyana wannan zagaye a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da ke kai yaro ga zaman kashe jiki da ƙiba. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya bi sawun wasu yara a ƙasar Ostireliya daga firamare zuwa sakandare, ya gano cewa waɗanda suka iya jifa da cafewa da bugun ƙwallo tun suna ƙanana sun fi zama masu motsa jiki bayan sun tasa. Ashe ke nan abin da malamin aji uku ya koyar, ko ya ƙi koyarwa, yana bin yaro har gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hujjojin Masu Ganin Ba Haka Ba

Akwai masu cewa duk wannan matsalar Turawa ce da 'ya'yan masu kuɗi. Yaron karkara yana tafiya makaranta a ƙasa, yana noma, yana kiwo, yana ɗebo ruwa, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin irin wannan yaro ya fi takwaransa na birni da ke wuni gaban talabijin ko wayar hannu motsi nesa ba kusa ba. Amma akwai abu biyu da ta manta. Na farko, aikin ƙarfi maimaita motsi ɗaya ne, noma ba ya koya wa yaro cafewa ko iyo ko sauya gudu. Na biyu, wannan yaro ba zai dawwama a gona ba. Da yawa daga cikinsu za su koma Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi, su zama teloli da direbobi da masu tsaron shago da ma'aikatan ofis, wato su hau kujerar direban da Morris ya yi nazari a kai. Ranar da aikin ƙarfi ya ƙare, wanda bai iya wani wasa da yake jin daɗinsa ba, babu abin da zai sake tayar da shi daga zaune.

Wasu kuma sukan ce babu kayan aiki: babu fili mai kyau, babu raga, babu ƙwallaye. Gaskiya ne makarantu da yawa suna cikin wannan hali, kuma haƙƙi ne a kan hukumomin ilimi su gyara. Amma al'ummar da ta gaji langa da kokawa da carafke da 'yar gala-gala da gaɗa da tsallen igiya ba ta da hujjar cewa ba ta da abin koyarwa. Langa, inda ɗan wasa ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, makaranta ce ta daidaiton tsayuwa da ƙarfin ƙafa. Carafke tana haɗa ido da yatsu, su kuwa yatsun nan su ne za su riƙe alƙalami. 'Yar gala-gala tana koyar da auna nisa da dira, ba ta kuma buƙatar komai sai zane a ƙasa da ɗan katanga. Waɗannan wasanni ba abin rainawa ba ne. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya, a Jamhuriyar Nijar kuwa gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta zama babban taron ƙasa. A da dandali ne ke koyar da su da daddare a farin wata. Yanzu da dandali ya ja baya a garuruwa da yawa, idan makaranta ba ta karɓi wannan aiki ba babu mai karɓa.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa lokaci bai isa ba, gara a ba da shi ga Turanci da Lissafi waɗanda ake jarrabawa a kansu. Amsa ita ce, nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban ba su nuna cewa lokacin da aka ba motsa jiki yana rage ƙoƙarin yara a sauran darussa ba; ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ma sun lissafa kyautatuwar tunani da ƙoƙarin karatu cikin amfanin da yara ke samu. Kowane malamin aji ɗaya ya san cewa yaron da ya wuni a takure kan benci ko tabarma, bayan wani lokaci jikinsa ne kawai ke cikin aji.

Hujja ta huɗu ta shafi 'ya'ya mata, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Iyaye da yawa ba sa son ganin 'yarsu tana guje-guje a gaban maza ko cikin tufafin da ba su dace ba, wannan kuwa damuwa ce da ta cancanci girmamawa. Maganinta shi ne a gyara tsari, kada a soke darasin. Ana iya ware wa 'yan mata lokacinsu ko ɓangarensu na fili, malama mace ta jagorance su, su sa tufafi masu yalwa da suka suturta su. Addini bai hana mace motsa jiki ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Kuma idan aka duba cewa mata sun fi maza fuskantar raunin ƙashi a tsufa, ga ɗawainiyar ciki da haihuwa, sai a ga cewa su ne ma suka fi buƙatar ginin jiki tun da wuri.

Abin da Ya Kamata Malami Ya Yi

Tsarin Manufofin Ilimi na Ƙasa, a bugunsa na 2004, ya lissafa ilimin motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare, ya kuma tabbatar da takardar shaidar malanta ta ƙasa a matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata kafin mutum ya shiga aji. Tun kafin nan, a 1978, Hukumar UNESCO ta ayyana samun ilimin motsa jiki da wasanni a matsayin haƙƙin kowane ɗan'adam. Ke nan doka ba ta rasa ba, aiwatarwa ce ta rage. Tun da yake a makarantu da yawa malamin aji shi ne ke koyar da kusan komai, nauyin yana kan duk wanda ya fito daga kwalejin ilimi, ko Hausa ya karanta ko Lissafi.

Abu na farko shi ne ya shiga darasin da shiri a rubuce kamar kowane darasi, da manufa ɗaya bayyananniya, misali cafe ƙwallo da hannu biyu daga nisan taku biyar. Na biyu, ya nuna a aikace, ya taƙaita magana, ya ba da gyara ɗaya a lokaci ɗaya, domin mai koyo a matakin farko ba ya iya riƙe umarni biyar. Na uku, ya raba yara ƙungiya-ƙungiya ƙanana yadda kowa zai samu yawan gwaji. Ƙwallo ɗaya ga yara sittin na nufin gwanaye biyar ne za su taɓa ta. Ƙwallayen tsumma goma sha biyar da yaran suka ɗinka da kansu sun fi ta amfani. Na huɗu, ya fi mai da hankali ga yaron da ke laɓewa a baya, domin gwani zai koya ko babu malami. Na biyar, kada ya mayar da tsallen kwaɗo ko zagaye fili abin horo, domin yaron da aka saba hukunta shi da motsa jiki zai girma yana ƙin sa.

Haka kuma dole ne a yi la'akari da yanayi da lafiyar yara. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a yi darasin da sanyin safiya, a tanadi ruwan sha. Malami ya san yaran da ke da ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya, ya tuntuɓi iyayensu, ya bar su su yi gwargwadon ƙarfinsu tare da hutawa da shan ruwa, ba tare da an tilasta musu ko an ware su gaba ɗaya ba. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, ko wanda zazzaɓi bai daɗe da sakinsa ba, ba a sa shi dogon gudu. Yaro mai lalurar ƙafa ko hannu shi ma yana da rabonsa, sai a sauya masa wasan yadda zai iya shiga.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa sarrafa gaɓoɓi ilimi ne mai matakai, mai mazauni a ƙwaƙwalwa, wanda ke buƙatar malami da maimaici da gyara. An kuma ga cewa wanda ya samu wannan ilimi da wuri ya fi yiwuwar ci gaba da motsa jiki idan ya girma, motsa jiki kuwa garkuwa ne daga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, cututtukan da jinyarsu ke cinye dukiyar gida shekara da shekaru. Hujjojin rashin kaya da ƙarancin lokaci da kare mutuncin 'ya'ya mata duk suna da amsa, matuƙar akwai niyya. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu su daina ba da aron wannan lokaci, masu duba makarantu su riƙa tambayar shirin darasinsa kamar yadda suke tambayar na Turanci, kwalejojin ilimi kuma su tabbatar ɗalibinsu ya koyar da shi a fili lokacin koyarwar gwaji kafin a ba shi shaida. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Minti talatin ɗin da ke cikin jadawalin firamare yana daga cikin rigakafi mafi araha da al'umma take da shi, kuma a hannun malamin aji yake.